Shekarar Marisuwa a Kudancin Kano

A watan Satumba na 1918 wata mura mai kisa ta sauka Legas daga jirgin ruwa. Ba ta daɗe ba ta biyo layin dogon da ya iso Kano a 1911, wanda ya ratsa Dangora a ƙasar Kiru. Mutane suka raɗa mata suna marisuwa.

Tana raunana huhu, ciwon haƙarƙari ya biyo baya. Wani lokaci huhun ya huje, iska ta taru a ƙirji, ta matse shi har ya lotse, numfashi ya gagara. Wanzaman Bebeji da Tudun Wada kuwa ƙaho da tsaga suka gada. Abin tausayi, ƙaho jinin fata kawai yake zuƙowa, iskar tana can ciki, sai bututun likita ke fitar da ita.