Kada Jiya Ta Ɗaure Mu

'Yan'uwa masu sauraro, hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru a shekarar 1930, ma'aikatan reluwe Kirista suka biyo ta. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga baya masu bishara na mishan SIM suka zauna a Gashua, ƙasar Bade. Iyayenmu da suka ba da gaskiya sun bar tsohuwar hanya, waɗansu har dangi suka ƙi su.

Mu kuma namu nauyin dabam ne. Ran 4 ga Nuwamba 2011 Boko Haram ta kai hari Damaturu, aka kashe mutane da yawa, aka ƙone majami'u. Tsoro ya kai har Nguru da Gashua, iyalai suka gudu. Waɗansu sun komo, amma ɗacin bai fita daga zuciya ba.

Mu duba Farawa 41:51. Yusufu ya sa wa ɗansa suna Manassa, gama Allah ya mantar da shi wahalarsa. Da 'yan'uwan da suka sayar da shi suka zo, ya gane su, ya kuwa ciyar da su. Mu koya wa yaranmu tarihin nan, amma kada mu bar musu gādon ƙiyayya. Ubangiji ya taimake mu. Amin.