Lambar Kunne da Hannun Mai Kiwo: Dokokin Mallakar Dabbobin Gasar Yara a Amurka

A yawancin gundumomin karkarar Amurka akwai wata rana, watanni kafin baje kolin shekara, da ake ware wa auna maruƙa da sa musu lamba. Motoci masu jan kejin dabbobi sukan yi layi tun da sassafe a filin baje kolin. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya sauko da maraƙinsa, a ɗora shi kan sikeli, a rubuta nauyinsa, sannan a shigar da shi wani matsattsen shingen ƙarfe da ke riƙe wuyansa. Malamin gona ko wani ɗan kwamiti ya huda masa kunne ya maƙala lamba. A wasu jihohin kuma a tuge gashin wutsiyarsa har da saiwa, a zuba a ambulan, a liƙe, yaron da mahaifinsa su sa hannu a bakin liƙin. Daga wannan rana, a idon hukumar gasa, wannan maraƙi da wannan yaro sun zama abu guda, babu mai shiga fili ba tare da ɗayan ba.

Ƙungiyoyi biyu ne ke riƙe da wannan harka. Ta farko ita ce 4-H, wadda ake danganta tushenta da kulob ɗin yaran manoma da A. B. Graham ya kafa a jihar Ohayo a 1902, ta kuma samu gindin zama bayan dokar Smith-Lever ta 1914 da ta kafa aikin malaman gona a ƙarƙashin jami'o'in jihohi. Ta biyu ita ce FFA, ƙungiyar ɗaliban darasin noma a makarantun sakandare, wadda aka kafa a birnin Kansas a 1928. Manufar duka biyun ɗaya ce a wannan fanni: a ba yaro dabba, ya ciyar da ita, ya riƙa rubuta abin da ya kashe, ya horar da ita ta bi igiya, ya kai ta gaban alƙali, idan ta nama ce a sayar da ita a gwanjo. Shanu da tumaki da awaki da aladu su ne manyan dabbobin da ake yi da su.

Tunda abin koyarwa ne, mutum zai ɗauka amana kaɗai ta isa. Kuɗi ne suka sa ba ta isa ba. A gwanjon gunduma ma 'yan kasuwar gari da bankuna sukan saya da farashin da ya ninka na kasuwa don ƙarfafa wa yara gwiwa. A manyan gasa kuwa lamarin ya wuce nan. A baje kolin dabbobi na Houston da ke jihar Teksas, wanda aka fara a 1932, an sayar da san da ya zo na ɗaya a 2022 kan dala miliyan 1. Wani kaso ƙayyadadde ne ke zuwa hannun yaron, sauran ya shiga asusun tallafin karatu, amma ko wannan kason ya isa ya sa wani uba ya fara tunanin sayo ƙosasshen sa mako biyu kafin gasa, ya cire lambar kunnen na gida ya maƙala masa. Dokokin shaida da na mallaka duk an gina su ne don toshe wannan ƙofa.

Idan aka duba su da kyau, tambayoyi biyu suke ƙoƙarin amsawa. Shin wannan dabbar da ke gaban alƙali ita ce aka rubuta watannin baya? Shin kuma wannan yaron ne ya yi kiwonta? Abin da nake gani shi ne, Amurkawa sun kusa gama da tambaya ta farko, ta biyun kuwa har yau tana hannunsu, kuma ita ce dalilin kafa shirin tun asali.

Wajen shaida, kowace dabba da hanyarta. Mafi ban sha'awa ita ce tsagar kunnen alade, wadda ake yi tun yana ɗan kwanaki da haihuwa. Kunnen dama yana ɗauke da lambar haihuwar da aka yi shi a cikinta, na hagu kuma lambarsa tsakanin 'yan uwansa. An raba gefen kunne gida-gida, kowane gida da darajarsa: 1, 3, 9, 27, sai ƙarshen kunne mai 81. Ba a tsaga gida ɗaya fiye da sau biyu, shi kuwa na 81 sau ɗaya tak, don haka kunnen dama kan ƙirga har 161. Alade na biyar a haihuwa ta 41 zai samu tsaga biyar a dama, wato 27 da 9 da 3 da 1 da 1, sai uku a hagu, 3 da 1 da 1. Wanda ya iya karatun zai kalli kunnen kawai ya faɗi lambar. Amma tsaga tana da rauni, domin wanda ya san lissafin zai iya yi wa wani alade irinta.

Shanu kuwa an daɗe ana ɗaukar zanen hancinsu. Fatar hancin saniya tana da zane irin na yatsan mutum, babu biyu masu iri ɗaya. Sai a goge hancin ya bushe, a shafa tawada, a danna kati. Aiki ne mai wuya, don hancin saniya ba ya daɗewa a bushe, kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya, shi ya sa katin da ya dagule yakan jawo gardama ranar gasa. Daga baya wasu jihohi suka koma ɗaukar hoton jijiyoyin cikin ido. Yanzu kuma gashin nan da ake tugewa shi ne babbar hujja: idan dabba ta yi nasara, a sake tuge wani, a kai ɗakin gwaji a gwada ƙwayoyin halittarsa da na cikin ambulan. Lamba tana iya faɗuwa a jikin waya, ana iya yanke ta a sauya, amma ba a iya sauya saiwar gashi. A Teksas, inda ake kiran wannan aiki tantancewa, kwamitin kowace gunduma yakan yi wa shanun nama a watan Yuni, alhali yawancin manyan gasa sai farkon shekara mai zuwa.

Akwai kuma wata lambar da ba ta hukumar gasa ba ce, ta gwamnatin tarayya ce, kuma damuwarta cuta ce. Filin baje koli wuri ne da dabbobi daga gonaki ɗaruruwa ke kwana rumfa ɗaya, su shaƙi numfashin juna, sannan wasu su koma gida. A 2012 sama da mutum 300 suka kamu da wata murar aladu a Amurka, yawancinsu yara ne da suka yi cuɗanya da aladu a irin waɗannan filaye. Kafin nan, a Disambar 2003, an samu saniya mai cutar haukan shanu a jihar Washinton, aka bi sawunta har Kanada, kuma wahalar da aka sha wajen gano sauran garken da ta fito ta ƙara wa masu neman tsarin bin sawu ƙarfi. Tumaki da awaki suna da lambar shirin yaƙi da wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kama su, wadda ke nuna garken da aka haife su. Shanu suna da lamba mai alƙaluma 15 da ke farawa da 840, lambar ƙasar Amurka. Tun daga 5 ga Nuwamba 2024, sabuwar lambar hukuma da za a sa wa saniyar da za ta tsallaka iyakar jiha don nuni dole ta zama wadda ido ke karantawa, na'ura ma ta karanta. Saboda haka maraƙin yaro kan iya yawo da lamba biyu, ɗaya tana cewa ga mai shi, ɗaya tana cewa ga inda ya fito.

Mallaka ita ce inda abin ya fi sarƙewa. Ƙa'idar farko wa'adi ce: dole dabba ta kasance a hannun yaro kafin wata rana da aka tsayar. Wa'adin yana bin tsawon kiwon dabbar. Sa, wanda zai haura kilo 500 kafin gasa, yakan buƙaci watanni da dama, rago da taure da alade kuwa wata biyu zuwa uku ne a gundumomi da yawa. Kowace jiha da nata ranakun, wani lokaci ma gunduma da gunduma sun bambanta. Hujjar mallaka takardar ciniki ce, ko takardar rajistar asali idan dabbar mai dangi ce. Wurare da yawa sun yarda gida ɗaya ya rubuta dabbobi da sunan 'ya'yansa gaba ɗaya, sai ranar gasa a raba wa kowa tasa, amma ba a yarda dabba ɗaya ta fito da sunan gidaje biyu ba.

Sai batun aro. Doki da karsanar madara suna da tsada, kuma ba yanka su za a yi ba, don haka jihohi da yawa sun yarda yaro ya karɓi aronsu da rubutacciyar yarjejeniya. Wannan ya buɗe wa yaran gari da 'ya'yan marasa ƙarfi ƙofa, kuma a ganina yana cikin mafi kyawun abin da ke cikin dokokin. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan, don mun san ba da kiwo, inda akuya ta wani ce, wahalarta ta wani, a raba 'ya'ya. Dabbar nama ce ba a cika yarda da aronta ba, saboda za a sayar da ita, kuma ba a sayar da abin da ba naka ba.

Mallakar tana ɗauke da alhaki. A baje kolin jihar Ohayo na 1994 an gano cewa an yi wa da dama daga cikin shanun da suka zo kan gaba maguɗi, wasu da maganin clenbuterol mai ƙara tsoka wanda aka haramta ba dabbar da za a ci. A 1995 aka sake samun irin wannan a gasar birnin Denver, a shekarar kuma Ohayo ta yi dokar gyaran harkar nunin dabbobi. Ƙa'idar ɗa'a da ƙungiyar masu shirya baje koli ta ƙasa da ƙasa ta fitar ta ɗora wa mai dabba da mai nuna ta cikakken alhakin halin da aka same ta, ko ba shi ya yi allurar ba. A nan ne shaida da mallaka suka haɗu: fitsarin da aka ɗiba dole ya koma ga lamba, lambar kuma ta koma ga suna. Abin da ke damuna shi ne sunan na yaro ne, alhali yaro ɗan shekara goma sha biyu ba ya sanin inda ake sayen irin wannan magani. Babba ne ya yi, yaro ne aka kora.

Wannan ya dawo da mu tambaya ta biyu. Ambulan ɗin gashi zai tabbatar da cewa san bai canja ba tun watan Yuni. Ba zai faɗi wanda ya tashi da asuba ya zuba masa abinci ba. Akwai ƙwararrun masu gyaran dabbar gasa da ake biya, su ajiye sa a ɗaki mai sanyi don gashinsa ya yi tsawo, su wanke shi kullum, su busar, su aske, yaron kuwa sai ƙarshen mako yake ganinsa. Takardu duk daidai, lamba daidai, gwaji daidai. Hukumomi sun yi ƙoƙari: wasu suna neman a rubuta adireshin turken idan ba a gidan yaron yake ba, wasu sun ba kwamiti ikon kai ziyarar bazata, wasu sun hana kowa taɓa dabba a filin gasa in ban da yaron da danginsa na kusa ko 'yan ƙungiyarsa. Duk da haka kwamitin gunduma 'yan sa-kai ne, maƙwabtan juna ne, kuma da wuya mutum ya shiga gonar wanda suke haɗuwa a coci ya tuhume shi. Abin da ya fi kusa da auna hannun yaro shi ne gasar iya nuni, inda alƙali ke duba yadda yaron ke sarrafa dabbarsa, ya kuma tambaye shi me take ci, nawa take ci. Dabba ta san mai ba ta abinci, kuma hakan yana bayyana a fili cikin minti biyu. Sai dai babban kuɗin ba a wannan gasa yake ba, yana wajen kyan dabba.

Ƙarshen mallakar ma yana da nasa rikicin. Gwanjo da yawa na dabbobin nama sharaɗinsu shi ne duk wadda ta shiga, mayanka za ta wuce. Dalilan da ake bayarwa su ne hana cuta komawa gonaki, da hana a sake kai zakara wata gasa da sunan wani yaro. A 2022, a baje kolin yankin Shasta da ke Kalifoniya, wata yarinya 'yar shekara tara ta shaƙu da taurenta, ta ƙi rabuwa da shi bayan an yi gwanjonsa kan dala 902. Mahaifiyarta ta ɗauke shi daga filin, ta nemi a bar ta ta biya duk asarar da aka yi. Jami'an tsaron gundumar suka yi tafiyar ɗaruruwan mil suka ƙwato shi, daga baya aka yanka shi. Iyalin suka kai ƙara, suna kafa hujja da cewa dokar jihar ta ba ƙaramin yaro damar janyewa daga yarjejeniyar da ya shiga. A 2024 gundumar ta amince ta biya dala 300,000 don a sasanta.

Dokokin sun yi dalla-dalla kan ranar da dabba ke shiga hannun yaro, har da sa'ar rufe rajista da adadin gashin da za a tuge. Ya kamata littafin kowace gasa ya yi irin wannan dalla-dallar kan lokacin da take fita daga hannunsa: ko ranar da ya sa hannu a takardar shiga ne, ko sa'ar da mai gwanjo ya buga guduma, ko sai mai saye ya biya. Ya kuma faɗi rana ta ƙarshe da yaro zai iya cewa ya fasa, a karanta masa wannan shafi da baki tun ranar da ake huda kunnen dabbar, yana tsaye riƙe da igiyarta.