Daga Ta-Kitse zuwa Chitti: Tarihin Ƙerarrun da Suka San Tsoro

Labarin da ya fi shahara a Daura na abin tsoro ne: macijin rijiyar Kusugu, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare kansa. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da macijin ke ji a ƙasan rijiya, domin labarin na masu ƙishirwa ne.

Amma a cikin gidajen ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, kakanni sun daɗe suna ba jikoki wata tatsuniya da ta juya tambayar. Sarki ya sa an yanka san wata tsohuwa, ta roƙi kayan ciki ta adana, suka zama 'yan mata. Mafi kyawunsu Ta-Kitse, sarki ya aure ta bisa sharaɗin kada ta shiga rana, kada ta kusanci wuta. Tana cikin daula amma a tsare take, ba ta da halin yin abin da kowace mace ke yi a tsakar gida. Da sarki ya tafi yaƙi, kishiyoyi suka tilasta mata aiki, ta narke. A nan mai sauraro ba ya tsoron Ta-Kitse, tsoro yake ji a madadinta, kuma wannan ba ƙaramar hikima ba ce ga labarin da ake gaya wa yara kafin barci.

Adabin Turai ya iso wannan gaɓa a 1818, lokacin da Mary Shelley ta fitar da littafin Frankenstein, wanda ta soma a gefen tafkin Geneva tana da shekara 18. Dodon da Victor Frankenstein ya harhaɗa bai fara da mugunta ba. Mai shi ne ya gudu tun daren da ya buɗe ido. Ya ɓuya a jikin bukkar wasu talakawa, yana leƙensu har ya koyi magana, yana saro musu itace cikin dare. Ranar da ya bayyana kansa, sanda aka ɗauko. Sai bayan haka ya fara kisa, kuma abin da ya roƙa ɗaya ne: a yi masa abokiyar zama.

Ƙarni na 20 ya ci gaba da wannan jigo. Wasan R.U.R. na Karel Čapek, na 1920, ya kawo ma'aikatan da ake ƙerawa a masana'anta. A fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968, kwamfuta HAL ta furta cewa tana jin tsoro yayin da ake zare mata ƙwaƙwalwa. A Blade Runner na 1982, shekara huɗu kacal aka yanka wa ƙerarrun, suka dawo duniya neman ƙarin kwana.

Mai kallo Bahaushe, wanda ya saba da finafinan Indiya tun zamanin gidajen silima, ya fi sanin wannan jigo ta hanyar Chitti, mutum-mutumin da Rajinikanth ya fito a matsayinsa a Enthiran na 2010. An sa masa zuciya, ya kamu da son budurwar maƙerinsa, maƙerin ya sassare shi ya jefar a juji. Wani ya tsince shi ya mayar da shi makami. A ƙarshe kotu ta wanke maƙerin, ta ba da umarnin a kwance Chitti, shi kuwa da hannunsa ya kwance kansa.