David Shepherd, Alƙalin Kurket na Ingila

A cikin wasannin da Turawan Ingila suka gada kaka da kakanni, kaɗan ne suka kai kurket daraja a wurinsu. Yadda ake yinsa shi ne, wani ya jefo ƙwallo yana neman ya buge sanduna uku da aka kafa a ƙasa, wani kuma ya tsaya gabansu da faffaɗan katako yana karewa. In ya make ƙwallon ta yi nisa, sai ya sheƙa da gudu, kowane zuwa a ƙidaya masa maki ɗaya. Tsakaninsu kuwa akwai alƙali, wanda in ya ɗaga yatsa ɗaya, to, mai bugu ya fita ke nan. Labarin ɗaya daga cikin alƙalan nan za mu bayar, don a ga abin da ke sa mutane su amince da mai hukunci.

An haifi David Shepherd a garin Bideford, cikin lardin Devon, ran 27 ga Disamba, 1940. Da farko aikin malanta ya yi, kana cikin 1965 ya shiga ƙungiyar lardin Gloucestershire. A wasansa na fari, wanda suka yi da Jami'ar Oxford, ya ci maki 108. Ya zauna ƙungiyar nan har 1979, ya buga manyan wasanni 282, ya tara maki fiye da dubu goma. Yana cikinsu suka ci Kofin Gillette a 1973, da Kofin Benson da Hedges a 1977. Duk da haka ba a taɓa zaɓensa ya buga wa Ingila ba, gama shi ba gwanin gwanaye ba ne. Mutum ne kakkaura, mai fara'a, wanda 'yan kallo ke ƙauna.

Da ya ajiye katako sai ya zama alƙalin wasa cikin 1981, a nan ne fa tauraronsa ya haska. Cikin 1985 aka ba shi babban wasan ƙasa da ƙasa na kwana biyar, tsakanin Ingila da Ostareliya, a filin Old Trafford na Manchester. Kafin ya huta a 2005 ya yi alƙalancin irin wannan wasa har 92, ya kuma tsaya a wasan ƙarshe na Kofin Duniya sau uku a jere, wato 1996 da 1999 da 2003. Yana da wani camfi da ya sa aka san shi ko'ina: in maki ya kai 111, ko 222, sai a ga ya ɗaga ƙafa ɗaya yana ɗan tsalle, wai don kore rashin sa'a. Jama'a kuwa su yi ta shewa.

Amma ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Cikin 2001, a filin nan na Old Trafford, Ingila ta kara da Pakistan. Doka ta ce in mai jifa ya ƙetare layin da aka shata masa, jifar ta ɓaci, ba a fid da mai bugu da ita. Saqlain Mushtaq na Pakistan ya fid da 'yan Ingila uku da irin wannan jifa, Shepherd bai lura ba. Talabijin ya nuna wa duniya, Ingila kuma ta sha kashi. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya yi niyyar barin aikin, bai kuwa ɗora wa kowa laifi ba. Sai 'yan wasa da shugabanni suka yi ta ba shi baki, har ya haƙura ya ci gaba.

Kada mai karatu ya zaci fara'arsa ta hana shi tsanani. A Kofin Duniya na 2003, Waqar Younis, shugaban 'yan wasan Pakistan, ya jefo ƙwallo sau biyu ta nufi jikin mai bugu ba ta taɓa ƙasa ba. Nan take Shepherd ya hana shi sake jifa a wasan, bai dubi girmansa ba.

Ya rasu ran 27 ga Oktoba, 2009, bayan ya yi fama da ciwon daji na huhu. Abin lura a tarihinsa shi ne, ranar da ya yi kuskure mafi girma, ran nan aka ga iyakar amincin da ya tara cikin shekara ashirin. Waɗanda yake yi wa hukunci sun san yakan yi kuskure, amma ba su taɓa zarginsa da son kai ba, shi ya sa suka riƙe shi. Duk wanda aka ɗora wa hukunci tsakanin mutane, ko a fili ko a zaure, ya kamata ya yi tunani a kan wannan.