Shari'ar Faifan Graceland Daga 1986 Zuwa Yau

Maƙalar wannan mako za ta bi sawun wani faifan waƙoƙi ne mai suna Graceland, wanda mawaƙin Amurka Paul Simon ya fitar ranar 25 ga Agustan 1986. Waƙoƙi 11 ne a cikinsa, kuma yadda aka ji su a ranar farko haka ake jin su har gobe. Amma hukuncin da masu sharhin kiɗa suka yi ta yanke masa ya sha sauyawa, domin kowane zamani da irin tambayar da yake tsare faifan da ita.

A 1983 tauraron Simon ya fara disashewa. Faifan da ya fitar a shekarar, Hearts and Bones, bai yi kasuwa ba, aurensa da 'yar fim Carrie Fisher kuma ya mutu a 1984. Ana cikin haka wata mawaƙiya ta ba shi aron wani kaset na kiɗan mbaqanga, wato kiɗan rawa na unguwannin baƙar fata a Afirka ta Kudu. Kiɗan ya shiga ransa, sai ya sa aka nemo masa masu yin sa. A watan Fabrairun 1985 ya sauka Johannesburg tare da injiniyan sautinsa Roy Halee, suka kwashe kusan mako biyu suna ɗaukar kiɗa a situdiyo tare da makaɗan ƙasar. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai Ray Phiri mai jita, da Bakithi Kumalo mai jitar bas, da Isaac Mtshali mai ganguna. Daga baya rukunin Ladysmith Black Mambazo, masu waƙar Zulu ba tare da kayan kiɗa ba, suka shigo ƙarƙashin jagorancin Joseph Shabalala. Har ɗan Najeriya akwai: Demola Adepoju na ƙungiyar King Sunny Ade ya kaɗa jita a waƙar da faifan ya ci sunanta.

Matsalar ita ce, a watan Disamban 1980 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurin da ya nemi mawaƙa da marubuta da sauran masu fasaha su ƙaurace wa Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata. Kwamitin Majalisar da ke sa ido kan wannan yaƙi ba baƙo ba ne a wurinmu. Marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya shugabance shi a farkon shekarun 1980, sannan Janar Joseph Garba ya riƙe shi daga 1984. Kafin tafiyar, Harry Belafonte ya shawarci Simon da ya fara tuntuɓar jam'iyyar ANC. Simon bai tuntuɓe ta ba. Hujjarsa ita ce mai fasaha ba ya neman izinin wata jam'iyya kafin ya yi aikinsa, kuma shi bai je yin wasa a gaban taron da aka ware fari da baƙi ba. Hasali ma ya taɓa ƙin tayin kuɗi masu yawa na yin wasa a Sun City, wurin shaƙatawar da gwamnatin wariya ke wanke kanta da shi.

Hukuncin farko, na 1986, yabo ne kusan baki ɗaya. Masu sharhi a jaridun Amurka da Ingila sun tambayi abu guda: shin kiɗan ya yi daɗi, kuma sabo ne? Amsa ta zo da eh. Yawancin masu sauraro a can ba su taɓa jin jitar bas tana zarya a gaba kamar mai magana ba, ko amshin murya goma a tare irin na Zulu. Faifan ya zo na ɗaya a ƙuri'ar shekara da jaridar Village Voice ke tattarawa daga ɗaruruwan masharhanta. Ya hau mataki na ɗaya a jadawalin ciniki na Birtaniya, na uku a Amurka, kuma a 1987 ya ɗauki kambun Grammy na gwarzon faifan shekara. Duk da haka, tun a lokacin akwai masu ɗari-ɗari. Robert Christgau, ɗaya daga manyan masharhantan New York, ya ba faifan maki mai tsoka, amma ya yi dogon rubutu kan siyasar da ke tattare da shi. Abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne baitocin. A watan Yunin 1986 gwamnatin Pretoria ta ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a faɗin ƙasar, ana kama dubban mutane. Wata biyu bayan haka sai ga faifai ɗauke da kiɗan Soweto, amma zancen waƙar da ya ci sunanta na wani magidanci ne da aurensa ya mutu, ya ɗauki ɗansa za su ziyarci gidan Elvis Presley a Memphis. Sunan wancan gida ne ma Graceland.

Hukunci na biyu ya zo a 1987, kuma wannan karon 'yan gwagwarmaya ne suka karɓe alƙalancin. Tambayar ta koma: da izinin wa ya je? A watan Janairu ɗaliban Jami'ar Howard, jami'ar baƙaƙen fata a Washington, suka tsare shi da tambayoyi masu zafi. A Landan ƙungiyar Artists Against Apartheid, wadda Dali Tambo ɗan shugaban ANC Oliver Tambo ya kafa tare da mawaƙi Jerry Dammers, ta yi zanga-zanga a ƙofar zauren Royal Albert Hall lokacin da Simon ya je wasa a watan Afrilu. Hujjarsu tana da ƙarfi: takunkumi ba ya aiki sai kowa ya riƙe shi, idan aka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa don niyyarsa mai kyau ce, gobe mai muguwar niyya zai bi ta ƙofar da aka buɗe. Sun kuma nuna cewa Linda Ronstadt, wadda ta yi wasa a Sun City a 1983, tana cikin waɗanda suka rera waƙa a faifan. Simon ya aika wa kwamitin Majalisar wasiƙa yana jaddada adawarsa da wariya, amma bai nemi afuwa ba.

Sai dai su kansu 'yan Afirka ta Kudu bakinsu bai zo ɗaya ba. Hugh Masekela da Miriam Makeba, waɗanda suka shafe shekaru fiye da 20 suna gudun hijira saboda wannan mulki, sun bi Simon yawon wasannin 1987, har da wasan filin Rufaro da ke Harare a watan Fabrairu. Ra'ayin Masekela shi ne an ƙirƙiro takunkumin don a hukunta azzalumi, amma ga shi yana neman toshe wa wanda ake zalunta hanyar da duniya za ta ji muryarsa. A waɗannan wasanni an rera waƙar neman a saki Nelson Mandela, ana kuma rufewa da taken gwagwarmayar baƙar fata. Shi kuwa Jonas Gwangwa, wani babban makaɗin da ke gudun hijira, bai gamsu ba: ya ƙi yarda da zancen cewa sai da Bature ya zo sannan kiɗan mutanensa ya samu daraja.

Hukunci na uku daga jami'o'i ya fito, kuma a ganina shi ne mafi nauyi. A 1988 masanin kiɗan al'ummu Steven Feld ya yi rubutu kan yadda taurarin Yamma ke ɗaukar kiɗan wasu cikin ƙauna da girmamawa, amma mallakar aikin ta ƙare a hannunsu. A 1990 Louise Meintjes ta wallafa nazari a mujallar Ethnomusicology, inda ta nuna cewa kowane ɓangare abin da yake so yake ji a faifan: makaɗin baƙar fata yana ganin ƙofar kasuwar duniya, Baturen Afirka ta Kudu kuma yana iya jin sa a matsayin shaidar cewa fari da baƙi na zaune lafiya. Tambayar a nan ita ce: kiɗan na wane ne, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga?

Don a gane nauyin wannan tambaya sai an san yadda aka haɗa faifan. Simon bai je Johannesburg da rubutattun waƙoƙi ba. Makaɗan ne suka yi ta kiɗa ana ɗauka, Halee ya koma New York ya yanyanka ya harhaɗa, sannan Simon ya ɗora karin murya da baitoci a kai. Ke nan kiɗan shi ne harsashin ginin. Amma a tsarin haƙƙin mallaka na masana'antar waƙa a Amurka, wanda ake kira marubucin waƙa shi ne mai baiti da karin murya, kuma shi ke karɓar kaso duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo ko aka sayar. Makaɗin situdiyo kuwa ladan yininsa ake biyan sa. A yi wa Simon adalci: ya biya makaɗan ninki uku na farashin da ake biya a New York, kuma ya raba sunan marubuci da 'yan kudancin Afirka a waƙoƙi 5 cikin 11, abin da ba kowane tauraro ke yi ba a lokacin. Ya kuma shirya wa Ladysmith Black Mambazo faifan Shaka Zulu, wanda ya kawo musu Grammy a 1988. Amma waƙar da ta fi kowace tashe, You Can Call Me Al, wadda mutane da yawa ke tunawa da ita saboda gudun jitar Kumalo, sunan Simon kaɗai ke kanta a matsayin marubuci. Ray Phiri ya yi ƙorafi daga baya kan rabon haƙƙi. Ƙungiyar Los Lobos ta Los Angeles, wadda ta yi kiɗan waƙar ƙarshe, ita ma ta ce ba a saka sunanta a abin da ta ƙirƙira ba, Simon kuma ya musanta. An sayar da faifan sama da kwafi miliyan 14. Shi ya sa wasu ke ganin abin kamar kura da shan bugu ne, gardi da kwashe kuɗi.

Daga nan sai tarihi ya juya. An saki Mandela ranar 11 ga Fabrairun 1990, an ɗage takunkumin al'adu a ƙarshen 1991, kuma a Janairun 1992 Simon ya yi wasa a Johannesburg da amincewar ANC, duk da cewa matasan ƙungiyar AZAPO sun yi adawa, har aka jefa gurneti a ofishin masu shirya wasan. Bayan zaɓen 1994, tambayar izini ta rasa mai riƙe ta. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ku duba jerin manyan fayafayai 500 na mujallar Rolling Stone: Graceland yana na 81 a 2003, ya hau na 71 a 2012, ya kai na 46 a 2020. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka shi cikin taskar sautukan da ƙasar ke adanawa. Da matasan ƙungiyar Vampire Weekend suka fito a 2008 da salon jitar Afirka, da Graceland masharhanta suka riƙa auna su. A 2012 Joe Berlinger ya fitar da fim ɗin tarihi mai suna Under African Skies, inda Simon da Dali Tambo suka zauna gaba da gaba, kowa ya faɗi hujjarsa, suka rabu lafiya ba tare da wani ya sauka daga matsayinsa ba.

Abin lura shi ne darajar faifan ta riƙa hawa ne daidai lokacin da yabonsa ya daina jawo wa mai yabo tsangwama. Masharhancin 1987 yana rubutu ne alhali mutane na tsare a kurkuku, na 2020 kuma yana rubutu bayan an san ƙarshen labari. Wannan bai sa yabon yau ya zama ƙarya ba, domin kiɗan ya cancanci yabo. Amma bai kuma mayar da Dali Tambo mai kuskure ba, don a 1987 babu wanda ya san Mandela zai fito bayan shekara uku.

Tambayar daɗin kiɗa ta samu amsa tun 1986. Tambayar izini ta tafi tare da mulkin wariya. Tambayar mallaka ce har yanzu ba a warware ba, ga shi masu ba da shaida suna ta ƙarewa: Makeba ta rasu a 2008, Phiri a 2017, Masekela a 2018, Shabalala a 2020. A bangon faifan suna ɗaya ne, kuma shi jerin gwanaye ke ɗauka.

Mu da muke rubutu, wannan ya shafe mu ta fuska biyu. Idan za mu yi sharhin littafi ko waƙa, yana da kyau mu san wace tambaya zamaninmu ya sa a bakinmu, wace ce kuma ya sa muka tsallake. Idan kuma muka ɗebo daga bakin wata tsohuwa mai tatsuniya ko wani makaɗin ƙauye muka gina aikinmu a kai, ina sunansa zai zauna, kuma mene ne rabonsa?

Wanda bai taɓa jin faifan ba ya daure ya saurara kafin ya tofa albarkacin bakinsa. Ina jiran ra'ayoyinku: da kai ne shugaban kwamitin nan a 1987, wane hukunci za ka yanke wa Paul Simon? Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.