Daga Ganyen Shayi Zuwa Ƙwallon Tebur: Yadda Sinawa da Amurkawa Suka Ƙulla Zumunci

Tsakanin shekarar 1955 da 1970, jakadun ƙasar Sin da na Amurka sun zauna tattaunawa har sau 136, da farko a Janiba, daga baya a Warso, babban birnin Folan. In ban da yarjejeniyar da suka cimma a watan Satumban 1955 kan barin fararen hula su koma gida, ba a tsinana wani abin a zo a gani ba. Kowane ɓangare yakan karanta takardar da aka rubuto masa, da an taɓo batun tsibirin Taiwan sai magana ta cije, a watse. Wanda ya kalli wannan zaman doya da manja zai ɗauka al'ummomin biyu ba su taɓa sanin juna ba, alhali sanayyarsu ta kusa kai shekarun ƙasar Amurka kanta.

Fatauci ne ya fara haɗa su. A ranar 22 ga Fabrairun 1784, 'yan watanni bayan Ingila ta amince da 'yancin Amurka, wani jirgin ruwa mai suna Empress of China ya tashi daga New York ɗauke da saiwar wani tsiro da Sinawa ke haɗa magani da ita. Ya isa Guangzhou a watan Agusta, ya komo gida a 1785 da ganyen shayi da siliki da tangaran. Sai da aka yi shekara sittin ana wannan safara kafin gwamnatocin biyu su sa hannu a yarjejeniyarsu ta farko, ta Wangxia, a 1844, wadda Amurka ce ta fi cin moriyarta.

Bayan fatake sai leburori. Lokacin da kamfanin Central Pacific ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kalifoniya zuwa gabas, mafi yawan ma'aikatansa Sinawa ne, fiye da dubu goma, galibinsu 'yan lardin Guangdong. Su suka fasa duwatsun Sierra Nevada da diga da albarushi, cikin ƙanƙarar da takan binne bukkokinsu, kuma albashinsu bai kai na Turawan da suke aiki tare ba. Ranar 10 ga Mayun 1869 aka haɗa layin gabas da na yamma a yankin Utah. A shahararren hoton bikin, da ƙyar mai dubawa zai tsinci fuskar Basine. Sakayyar da ta biyo baya ta fi wannan ciwo: a 1882 majalisar Amurka ta yi dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar, a 1885 kuma aka kashe Sinawa 28 masu haƙar kwal a garin Rock Springs. Dokar ta kai 1943 kafin a soke ta, kuma ko a lokacin mutum 105 kacal aka yarda su shiga a shekara. Duk wanda zai ba da labarin zumuncin nan ya tsallake waɗannan mutane, to ya ci haƙƙinsu.

A daidai zamanin ne kuma wata ƙofa ta buɗe, ta ilimi. Yung Wing ya gama Jami'ar Yale a 1854, shi ne Basine na farko da ya sami digiri a Amurka. Da ya koma gida ya yi ta naci har fadar sarki ta yarda ta tura yara 120 karatu can, daga 1872. An kira su gida a 1881 saboda tsoron suna barin al'adunsu, amma iri ya riga ya tsiro. Ɗaya daga cikinsu, Zhan Tianyou, shi ya jagoranci gina layin dogo daga Beijing zuwa Zhangjiakou, wanda aka kammala a 1909 ba tare da injiniyoyin waje ba. Makarantar Tsinghua ma, wadda a yau take sahun gaba cikin jami'o'in Sin, an kafa ta a 1911 da kuɗin diyyar tarzomar 'yan Boksa da Amurka ta yafe wa Sin wani kaso daga ciki. A Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashen biyu abokan daga ne. Manoman lardunan Zhejiang da Jiangxi sun ɓoye matuƙan jiragen Amurka da suka faɗo musu bayan sun kai hari Japan a 1942, sojojin Japan kuwa suka huce a kansu da kisan dubban mutane.

Duk wannan ya tsinke bayan 1949. 'Yan gurguzu sun kama mulki, shugaban da suka kayar, Chiang Kai-shek, ya tsallaka Taiwan, Amurka ta ce shi ta sani a matsayin shugaban Sin. A Koriya kuma sojojin ƙasashen biyu suka yi gaba da gaba. Amurkawa sama da dubu 36 suka mutu, Sinawa sun ninka haka, har da ɗan shugabansu Mao Zedong na cikinsa. Ciniki ya tsaya, ziyara ta haramta, iyalai suka rabu fiye da shekara ashirin.

Ruwa ba ya tsami banza. A watan Maris na 1969 sojojin Sin da na Tarayyar Sobiyet sun yi artabu a kan kogin Ussuri, Mao ya ga maƙwabcin nasa ya fi Amurka haɗari. Shugaba Richard Nixon shi ma yana neman hanyar fita daga yaƙin Biyetnam. Kowanne na buƙatar ɗan'uwansa, amma babu mai son a ga shi ya fara miƙa hannu. Mao ya tsayar da ɗan jaridar Amurka Edgar Snow kusa da shi a dandalin Tiananmen ranar 1 ga Oktoban 1970 don ya zama ishara, Washington ba ta gane ba.

Ana cikin haka aka yi gasar ƙwallon tebur ta duniya a Nagoya ta Japan, a farkon Afrilun 1971. Wani matashin ɗan wasan Amurka, Glenn Cowan, mai dogon gashi har kafaɗa, ya fito daga atisaye ya tarar motarsu ta tafi, sai ya shiga ta 'yan wasan Sin. Mota ta yi tsit, domin an gargaɗe su kada su kula Amurkawa. Zhuang Zedong, wanda ya ci kofin duniya sau uku, yana zaune a baya. Ya ɗauki mintuna yana wasiwasi, sannan ya miƙe, abokansa na hana shi, ya taka har gaba ya gaisa da baƙon ta bakin tafinta, ya ba shi kyautar ƙyallen siliki mai hoton tsaunukan Huangshan. Cowan ya lalube jakarsa bai sami abin tukuici ba, sai daga baya ya samo riga ya kai masa. Da suka sauko, masu ɗaukar hoto na jira. A ganina Zhuang ya fi kowa jarumta a wannan labari, domin a Sin ta lokacin Juyin Al'adu gaisawa da Ba'amurke na iya jawo wa mutum ɗauri.

Ma'aikatar harkokin wajen Sin ta ba da shawarar kada a gayyaci Amurkawan zuwa Sin, Mao ya amince, sannan cikin dare ya sake shawara. Ranar 10 ga Afrilu 'yan wasa tara da 'yan rakiyarsu suka taka gada daga Hong Kong suka shiga Sin. Ranar 14 Firayim Minista Zhou Enlai ya karɓe su da kansa, a ranar kuma Nixon ya sanar da sassauta takunkumin ciniki. Shugabannin ne suka tsara tafiyar, amma fuskokin waɗannan matasa a kan babbar ganuwar Sin su suka sa talakan Amurka ya yarda a sasanta. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa da sauri. A watan Yuli mashawarcin Nixon, Henry Kissinger, ya yi ƙaryar ciwon ciki a Fakistan, ya sulale zuwa Beijing a asirce. Ranar 25 ga Oktoba Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa wa Beijing kujerar Sin da ƙuri'a 76, wasu 35 suka ƙi. Nijeriya, wadda ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin tun 10 ga Fabrairun shekarar a zamanin Janar Gowon, tana cikin masu goyon baya. Nixon ya sauka Beijing ranar 21 ga Fabrairun 1972, ya nufi Zhou da hannu a miƙe.

Cikakkiyar hulɗar jakadanci kuwa sai 1 ga Janairun 1979, zamanin Jimmy Carter da Deng Xiaoping, kuma Taiwan ce ta jawo jinkirin. Amurka ta janye jakadanta daga tsibirin, amma a watan Afrilu majalisarta ta yi dokar da ta ba ta damar ci gaba da sayar masa da makamai. Har yau ba a warware wannan ƙulli ba.

Kwanaki kaɗan kafin ƙulla cikakkiyar hulɗar, a ƙarshen Disamban 1978, masana 52 suka tashi daga Beijing zuwa jami'o'in Amurka. A zangon karatu na 2019 zuwa 2020 yawan ɗaliban Sin a can ya haura dubu 370. Sai rigimar haraji da annobar korona da zargin leƙen asiri suka taso, har aka rufe ƙaramin ofishin jakadancin Sin da ke Houston da na Amurka da ke Chengdu a watan Yulin 2020. Zuwa 2024 ɗaliban sun ragu zuwa kimanin dubu 277, na Amurka da ke karatu a Sin kuwa sun ragu fiye da haka nesa ba kusa ba. Wannan raguwa ta fi damuna a kan cacar bakin shugabanni, domin daga cikin waɗannan ɗalibai ne ake samun tafintoci da jakadun da za su zauna teburin sulhu nan da shekara ashirin.