Labule da Riƙon Sirri a Tarihin Aikin Jinya

Akwai wata irin godiya da mutane ba su cika furtawa a bainar jama'a ba, ita ce wadda ake yi wa ma'aikacin jinyar da ya ga mutum a halin da ba ya son kowa ya gan shi, ya kuma bar shi ya fita da mutuncinsa. Dattijon da fitsari ya riƙe masa da tsakar dare aka kwaso shi zuwa sashen gaggawa, matar da jini ya ɓalle mata ya ɓata zane a gaban baƙi, saurayin da ya ɓoye ciwon sanyi har ya gagara tafiya, magidancin da basir ya fito masa ya ƙi komawa, dukkansu da ciwo biyu suke isowa, na jiki da na kunya, kuma sau da yawa na biyun ne ya hana su zuwa da wuri. In sun warke sunan likita ake ambata, amma abin da ya fi daɗewa a ransu shi ne wanda ya ja labule, ya miƙo abin rufa, ya sassauta murya. Mukan ɗauki wannan a matsayin sa'a, mu ce an dace da mai kirki. Tarihin sana'ar yana nuna wani abu dabam. Rufa wa majinyaci asiri aiki ne da aka gina da gangan, aka rubuta shi, aka koyar da shi, domin waɗanda suka daɗe a bakin gadon marasa lafiya sun gano cewa magani ba ya tafiya daidai in babu shi.

Tun a farkon tarihin Musulunci ana iya ganin tushen abin. Masu tarihi sun ruwaito cewa Rufaida, wata mata daga ƙabilar Aslam, tana da tanti a masallacin Madina inda take kula da waɗanda suka ji rauni da waɗanda ba su da mai kula da su, kuma a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a hannu a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira. Abin lura shi ne tantin kansa. Masallaci wurin taro ne, amma an keɓe wa mai rauni wani ɗan wuri a ciki, kusa da jama'a yadda za a iya duba shi, a killace yadda ba kowa zai leƙa shi ba. Daga baya manyan asibitocin Bagadaza da Dimashƙa da Alƙahira suka mayar da wannan tsarin gini. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da ɓangaren maza da na mata, da masu hidima maza da mata da ake biyan su daga dukiyar waƙafi. Wanda ya ware kuɗi don a ɗauki mace ta yi wa mace hidima ya riga ya yarda cewa kunyar majinyaci tana cikin lissafin jinya, kamar abinci da magani.

A Ingila ta farkon ƙarni na 19 kuwa sana'ar ta faɗi ƙasa warwas. Jinyar baƙo a asibiti aiki ne na wadda ba ta da wata mafita, ba horo, ba albashin kirki. Marubuci Charles Dickens ya zana irin wannan mai jinya a littafinsa Martin Chuzzlewit na 1843 zuwa 1844, wata mashayiya mai yawan surutu da ake kira Misis Gamp, kuma masu karatu sun gane ta nan take saboda sun san irinta. Cikin wannan yanayi ne Florence Nightingale ta isa barikin Scutari, a gefen Istanbul, a watan Nuwamba na 1854, tare da mata 38, lokacin yaƙin Kirimiya. Yawancin sojojin da ke mutuwa a can ba harsashi ke kashe su ba, kwalara da atini da zazzaɓin taifot ne, wato cututtukan da ke sa ƙato ya kasa riƙe cikinsa ya kwanta cikin ƙazantarsa. Abin da ta fara nema shi ne buroshin goge ƙasa, da riguna, da wurin wanki. Sai kuma wani abu da ba a cika ambata ba: a wata wasiƙa da ta rubuta cikin makonnin farko ta ce ta samo abin kariya da za a riƙa gittawa idan ana yanke wa soja ƙafa ko hannu, kuma dalilin da ta bayar dalilin magani ne, cewa wanda za a yi wa aiki gobe in ya ga ɗan'uwansa ya mutu a ƙarƙashin wuƙa yau, damar rayuwarsa tana raguwa. Gaskiya ne cewa abin da ya fi rage mace-mace a Scutari shi ne gyaran magudanan ruwa da shigar iska da wani kwamitin tsafta ya yi daga watan Maris na 1855, bai kamata a ɗora wa labule abin da bai yi ba. Amma tunanin da ya sa aka gitta shi, cewa abin da majinyaci ya gani da abin da aka gani a jikinsa suna taɓa lafiyarsa, shi ne ya bi sana'ar har yau.

Mai musu zai ce wannan hali ne kawai, wani an haife shi da tausayi wani kuma ba a haife shi da shi ba, makaranta ba ta sa wa mutum zuciya. Akwai gaskiya a ciki, sai dai masu kafa sana'ar ba su yarda su dogara da halin da aka haifi mutum da shi ba, kuma sun yi daidai. Littafin Nightingale na 1859, Notes on Nursing, cike yake da umarni a kan ƙananan abubuwa: kada a yi raɗa a kusa da majinyaci ko a bakin ƙofarsa, domin zai kasa kunne yana zaton maganarsa ake yi, kada a bar fo a ɗaki ba murfi, mai jinyar da ta ce kwashe shi ba aikinta ba ne to ba sana'arta ba ce, kada ta amsa tambaya game da majinyacinta sai ga wanda yake da haƙƙin tambaya. Makarantar da aka buɗe da sunanta a asibitin St Thomas na Landan a 1860 ta mayar da irin waɗannan abin da ake dubawa ana ba ɗaliba maki a kai. A 1893 wata malamar jinya a Detroit ta Amurka, Lystra Gretter, ta jagoranci rubuta rantsuwar da ɗalibai ke yi ranar yaye su, kuma a cikinta akwai alkawarin riƙe sirrin majinyaci da na iyalinsa. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta duniya, wadda aka kafa a 1899, ta fitar da kundin ɗa'arta na farko a 1953. Manufar duk wannan a fili take. Tausayi yana gajiya, musamman da ƙarfe uku na dare bayan awa goma a tsaye. Abin da aka horar da hannu ya saba da shi ne yake ci gaba da aiki a lokacin da zuciya ta gaji, kuma majinyacin da ya zo a wannan sa'ar yana da haƙƙi daidai da wanda ya zo da hantsi.

Musu na biyu ya fi ƙarfi, kuma a sashen gaggawa ake jin sa. Wurin an gina shi ne a kan sauri. Asalin tsarin tantance wa za a fara dubawa daga fagen yaƙi ya fito, daga Dominique Larrey, likitan rundunar Napoleon, wanda ya dage a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani ko da kurtu ne. Sashen gaggawa irin na yau kuwa sabon abu ne, sai a shekarun 1960 ya fara samun ma'aikatansa na dindindin a Ingila da Amurka, kuma wata nas ce a Buffalo, Anita Dorr, ta harhaɗa keken kayan ceton rai a 1967, sannan ita da Judith Kelleher suka kafa ƙungiyar nas-nas na gaggawa a 1970. A irin wannan wuri, in ji mai musu, rai ake cetowa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wa ke da lokacin lallashi? Idan numfashi ya tsaya, babu shakka almakashi za a sa a keta riga, ba mai jiran izini. Amma mafi yawan masu zuwa sashen gaggawa a farke suke, suna magana, kuma abin da za su faɗa shi ne rabin binciken. Wanda kunya ta rufe ba zai faɗi abin da ya sha ba, ko abin da ya shige shi, ko ranar da jinin ya fara, ko wanda ya doke shi. Zai ba da labarin da zai iya ɗauka a gaban mutane, likita kuma ya bi hanyar da ba ita ba. A duba yadda ƙwararren nas yake yi da dattijon nan mai riƙewar fitsari. Zai ce wa 'ya'yan su ɗan jira a waje. Zai ja labule har ƙarshe, ba rabi ba. Zai ce, “Baba, roba zan sa maka, za ka ji ɗan zafi kaɗan, sai kuma ka ji sauƙi,” ya rufe masa ciki da cinya da zanen gado ya bar wurin aiki kawai, ya sa idonsa a kan hannunsa, ya rataye jakar a ƙasan gado ta gefen da ba a gani daga ƙofa. Duk wannan bai ƙara minti biyu ba, kuma jikin da ya saki ya fi karɓar robar fiye da wanda ya ƙanƙame. Bayan haka ne dattijon zai iya faɗin cewa ya yi wata da watanni yana fama, maganar da za ta kai likita ga asalin ciwon.

A ƙasar Hausa akwai wani dalili kuma da ya sa aikin ya fi nauyi. Mun saba jinya ta dangi ce, har yau a asibitocinmu kowane gado da mai jinyarsa daga gida, shi ke kawo abinci, shi ke sayo magani, shi ke kwana a tabarma a baranda. Wasu na ganin wannan ya wadatar, wa zai fi ɗan'uwa rufa wa ɗan'uwansa asiri? Sai dai a al'adarmu kunya ta fi tsanani ne daidai a tsakanin makusanta. Uba ba ya son 'yarsa ta ga tsiraicinsa, uwa tana nauyin ɗan farinta, suruka ba ta iya faɗa wa surukinta inda ke mata ciwo, kuma a daren da ciwo ya tashi, wanda yake da mota ko babur shi ke kawo mutum, ba wanda ya dace ba. A nan baƙon da ke sanye da farin kaya yake ɗauke wa iyali wani nauyi da ba za su iya ɗauke wa kansu ba. Yana gani a madadinsu, ya wanke a madadinsu, gobe kuma ba za a haɗu da shi a wurin suna ko ɗaurin aure ba, in ma an haɗu bakinsa a rufe yake. Ungozoma da wanzami sun riƙe irin wannan amana tun kafin zuwan asibiti, suna shiga gidaje suna fita da abin da suka gani a cikinsu, kuma ungozomar da aka sani da baki ba ta daɗewa ana kiranta.

Saura musun da ba a iya kauce masa: cewa wannan hoton bai yi kama da abin da mutane da yawa ke tararwa ba. Ana yi wa mata tsawa a ɗakin haihuwa, ana tambayar mutum ciwonsa da ƙarfi a gaban layi, ana duba wani a kan benci babu ko ƙyalle. Abin ya kai har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa a 2014 a kan wulaƙanci da cin zarafin mata masu haihuwa a asibitoci, kuma ba ƙasa ɗaya take nufi ba. Ba na ganin wannan ya rushe hujjar, ƙarfafa ta ya yi, domin abin da aka gina da horo da kayan aiki yana lalacewa idan aka janye su. Nijeriya ta gina nata da wahala. An kafa majalisar kula da aikin jinya a 1947, aka haɗe ta da ta ungozomomi a 1979. Kofoworola Pratt, wadda ta shiga makarantar Nightingale a 1946, ta dawo gida ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan, ta kuma horar da waɗanda suka horar da wasu. Inda aka ɗauki kunya da muhimmanci an ga amfanin. Masu yoyon fitsari, waɗanda wari ya raba da miji da kasuwa da zaman biki, sun riƙa yin doguwar tafiya zuwa Babbar Ruga a Katsina tun shekarun 1980, kamar yadda takwarorinsu na Habasha ke zuwa asibitin da Reginald da Catherine Hamlin suka buɗe a Adis Ababa a 1974, kuma labarin da ke jawo su daga bakin waɗanda suka dawo ya haɗa da cewa a can ba a toshe hanci. Nas ɗaya da aka bar wa gadaje talatin, a ɗakin da labulensa ya yage ba a sake ba, ba za ta iya yin abin da aka koya mata ba ko da tana so. Waɗanda suka fi ƙwarewa kuma, waɗanda ɗaliba za ta tsaya a bayansu ta ga yadda ake juya tsoho a canza masa shimfiɗa ba tare da an tone shi ba, su ne asibitocin Ingila da Saudiyya da Kanada suke fara ɗauka, kuma wannan ɓangaren na sana'ar a gefen gado ake koyon sa, daga hannun wanda ya iya.